Saƙon Idi Baduku

Shekara goma sha ɗaya Idi baduku yana zuwa gidan ƙanwarsa Haula duk ranar Lahadi, kuma a shekarun nan duka bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Lahadi ce kasuwar Tawa. Da sassafe yake hawa mota daga ƙauyensu da ke bayan Barmu, da buhun kayansa, kube da zabira da linzami da takalma, ya yini a rumfarsa. In an yi la'asar sai ya tattara, ya bi ta lungun masu niƙa, ya tura ƙofar langa-langa ta bayan gida, wadda ake fitar da toka ta cikinta. In wani ya tare shi a lungun sai ya ce ya zo karɓar fatar akuya. Haula kuwa ko kaza ba ta kiwo.

Haula ita ce ɗiyar da gidansu ya rasa tana da ranta. Lokacin da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, manyan gari suka ɓoye nasu, aka miƙa ɗiyar baduku. Ta yi karatu, ta zama madam mai koyarwa, aka tura ta wajen Madawa. Can ta auri wani ma'aikacin gidan likita, Kirista ɗan ƙasar Maraɗi, ta bi addininsa da idonta biyu, ba wanda ya ja ta. Kuma ba ta ɓoye ba. Ta je ƙauye ta faɗa da bakinta a tsakar gida. Ubansu ya tashi ya shiga ɗaki, uwarsu ta ɗauki ƙwaryar da ta sha ruwa da ita ta kife a gindin danga. Idi yana zaune yana ɗinkin kube, bai ɗaga kai ba. Da uwar ta rasu ba a aiko mata ba, sai bayan arba'in ta ji a bakin wani mai sai da albasa. Abin nan bai taɓa barin ranta ba, ita kuma ba ta taɓa yin kamar ya bari ba.

Sai da mijinta ya mutu, ta ajiye aiki ta zauna a Tawa, sannan Idi ya tuno yana da ƙanwa. Ya zo gaisuwa a sace, ya zauna bakin tabarma yana muzurai. Idonsa ya faɗa kan Linjilarta, bangon ya ɗaye, zaren yana reto. Hannun baduku ba ya ganin haka ya ƙyale. Ya tafi da ita, Lahadi mai zuwa ya dawo da ita cikin jar fata mai taushi, ɗinki ƙanana ƙanana. Da ya miƙa mata sai ya ce, "To mi ke ciki, da har ya raba ki da mu?"

Idi bai iya boko ba, don haka ita ke karanta masa. Labarin Almasihu kashi huɗu ne a ciki, kowane da mai ba da shi. Ta fara da na farko, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, kafin ta kai ƙarshen shafi Idi ya yi gyangyaɗi. Ya farka ya ce wannan aikin maroƙa ne. Na uku ya ce ya yi tsaf da yawa, kamar takardar ofis. Na huɗu ya ce na malamai ne, rijiyar ta fi igiyarsa tsawo. Na biyun ne ya kama shi, wanda ya fi duka gajarta.

"Wanga shi ne nawa," in ji shi. "Ba gaisuwa, ba tambayar gida, ba labarin haihuwa. Mutum ya shigo da gudu ya hwara magana tun bai zauna ba."

Gaskiyarsa kuwa. Mai ba da wannan labarin ba ya shan iska. Nan da nan an shiga jirgi, nan da nan an fita, nan da nan zazzaɓi ya sauka, nan da nan jama'a sun cika ƙofa har ba a samun damar cin abinci. Duk sa'ad da Haula ta kai kan "nan da nan" sai Idi ya ƙwanƙwasa basillarsa a ƙafar kujera. Ya ce ko wane ne ya rubuta wannan, akwai abin da ke bin sa a baya. Suka karanta shi har ƙarshe, suka koma farko, suka sake, har ta daina ƙidaya.

Abin da ya fi sa shi dariya almajiran ne. Mutum goma sha biyu, suna ci tare da Almasihu, suna kwana tare da shi, amma kai kamar dutse. Ya ciyar da dubban mutane a gabansu, aka shiga jirgi suka hau damuwa sun manta gurasa. Yana gaya musu za a kashe shi, su suna gardamar wane ne babba. Ranar da aka kama shi kowa ya ranta a na kare, har wani ya bar mayafinsa a hannun masu kamu ya tsere tsirara. Idi yakan yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Yakan ce, "Waɗanga dangina ne, Haula. In ya iya da su, ya iya da ni." Akwai kuma makahon da aka taɓa idonsa sau ɗaya ya ga mutane dishi-dishi kamar itatuwa suna tafiya, sai da aka sake taɓawa ya gani sarai. Idi ya ce shi yana nan tsakanin taɓi na farko da na biyu, a ba shi lokaci.

Ita Haula wurin da take so daban ne. Wurin da 'yan gidansu Almasihu suka fito su kama shi, suna cewa ya taɓu. Takan karanta wannan a hankali, da muryar aji, tana kallon yayanta ta saman tabarau. Shi kuma yakan sami abin gyarawa a takalminsa.

A shekara ta uku ya ce ya gaskata. Da bakinsa ya faɗa, a durƙushe, hannunsa cikin nata, yana kuka irin na dattijon da bai saba ba. Haula ta ɗauka an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba. Ta ce ya zo majami'a, ya ce Lahadi kasuwa. Ta ce fasto zai yi masa baftisma ko ranar Talata, ya ce a bari a gama girbi. Aka gama girbi takwas. A ƙauye yana nan yadda aka san shi, ana kiran salla yana tashi, ya tsaya a sahun baya kusa da ƙofa. In ta matsa masa sai ya fake da littafin nan nasa, don a cikinsa Almasihu yakan warkar da mutum ya ja masa kunne kada ya gaya wa kowa, ya tsawata wa aljanu su rufe baki, har almajiransa ya hana su faɗin ko shi wane ne.

"Kin ji ko? Shi da kanshi ya ce a yi shiru."

"Wa ya yi shirun a cikinsu, Yaya? Kuturun nan da ya warkar yana hita ya cika gari da shela."

"Kuturu ba shi da iyali."

Sai ta juya shafi zuwa inda aka yi maganar ɗaukar gicciye, da wanda ya ji kunyar Almasihu a gaban mutane. Tana fara karantawa Idi zai ce rana ta yi, motar Barmu ba ta jira.

Ƙarshen littafin ne ya fi ɗaure masa kai. An gicciye shi, ya yi kuka cewa an yashe shi, mazan duk sun watse, mata kaɗai suka tsaya daga nesa. Da safiyar kwana na uku matan suka je kabari suka tarar ba kowa, aka ce musu ya tashi, su je su faɗa. Suka gudu suna makyarkyata, ba su gaya wa kowa komai ba, don tsoro. A littafin Haula akwai ƙarin 'yan layuka bayan wannan, da ɗan rubutu ƙanana a ƙasan shafi cewa tsofaffin kwafin littafin a nan suka tsaya. Ita malama ce, ta karanta masa har ƙananan rubutun. Tun daga ranar bai ƙara yarda ta wuce wurin ba. Ya ce tatsuniya ma ana rufe ta, wannan kuwa an bar shi a buɗe da tsoro a bakin ƙofa, kuma shi ya sa ya yarda ba ƙirƙira ba ce.

Lahadin ƙarshe da ya zo cikin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya sa takalmin da ya ɗinka da hannunsa. Bai kawo kaya kasuwa ba, wurinta ya zo. Ta karanta masa ƙarshen, ta tsaya inda yake so.

"Amma dai labarin ya iso mu," in ji shi. "Ashe daga baya wata ta buɗe baki."

"Haka ne."

"Mace ce ta buɗe." Ya dube ta. "Ina da saƙo, Haula. In na kwanta dama, ki hwaɗa ma yaron nan abin da na bi."

Yaron nan shi ne Muktari, ɗansa na fari, mutum mai shekara arba'in, malamin da ke koyar da yara a madarasa kuma yake jan salla in liman ba ya nan. Idi bai taɓa kiran sunansa ba. Haka ake yi da ɗan fari a wurinsu, uba ba ya faɗin sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya zama da shi su biyu a yi hira. In akwai magana mai nauyi, gwaggo ake aikawa.

"Hwaɗa mashi da kanka, kana da baki."

"Ɗan hwari ne. Shekara arba'in ban dubi tsakar idonshi ba. Yau in zauna gaba gare shi in buɗe cikina? Ke gwaggonshi ce, aikinki ne."

"To kawo shi nan kana da rai, in hwaɗa kana zaune."

"Bayan raina."

Ran Haula ya ɓaci, ta rufe littafin da ƙarfi. Ta ce ita ta biya da uwarta, ta biya da sunanta, an yi suna an yi aure a gidansu shekara talatin da biyar ba a aiko mata ko goro ba. Shi fa? Ya sha furarsa a gidansa, an gaishe shi a hanya, 'ya'yansa sun durƙusa masa, yanzu kuma zai sulale ya bar mata mai wuyar. Ta ce shi matsoraci ne, tun ranar da aka kife ƙwarya matsoraci ne. Ya saurara har ta gama, bai musa ko ɗaya ba.

"Duk gaskiya ce," in ji shi. "Ban so in kwanta da ƙarya a kaina har abada. Mutum guda daga jinina ya san wanda ya binne. Shi kenan abin da nike roƙo."

Ta yi alkawari. Ta yi don tausayinsa, ta yi don ta ga haƙƙi ne. Amma a can ƙasan ranta akwai wani abu da ya ji daɗi, wanda ya daɗe yana jiran ranar da wani a gidan nan zai san ba ita kaɗai ta taɓu ba. Ta san da shi, ba ta kore shi ba.

Ranar Laraba da safe wayarta ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba.

"Gwaggo, Muktari ne. Baba ya cika da asuba. Ki zo gida."

Ki zo gida. Ta tsaya riƙe da wayar har ta mutu a hannunta. Kafin ta sami motar Barmu, kafin daga Barmu ta sami mai babur da zai kai ta ƙauye, azahar ta yi. An riga an kai shi tun hantsi.

Ta shiga gidan da shirin faɗa. Ta tanadi amsar duk wadda za ta yi mata habaici, ta kawo kofinta a jaka don kada a kife wani saboda ita. Sai ga Ramla, matar Idi, ta taso daga tabarmar takaba ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Aka kawo ruwa, Haula ta sha, Ramla ta karɓi kofin ta shanye sauran a gaban kowa. Tsofaffi biyu suka kalli juna, amma ba wadda ta tanka, don Malam Muktari ya riga ya ce gwaggonsa a ɗakin ubansa za ta sauka. Haula ta rasa inda za ta sa kanta. Ta saba da wulakanci ta san yadda ake tare shi, alheri ne ba ta yi wa shiri ba.

Mata na shigowa gaisuwa, kowace da abin da za ta faɗa kan mamacin. Bai taɓa faɗa da kowa ba. Bai taɓa sai da fatar tunkiya da sunan ta akuya ba. Wata ta ce mijinta ya ce shekara da shekaru ana jan Idi zuwa sahun gaba yana ƙi, shi dai can baya kusa da takalma, tsabar tawali'u. Mata suka ce Allahu akbar, Allah ya ba mu irin ƙarshensa. Haula ta sunkuyar da kai. Shi ya ɓoye ya mutu waliyyi. Ita ta faɗi gaskiya ta zama abin da ake gwada haƙuri da shi.

Ranar farko ba ta sami Muktari ba, yana ƙofar gida cikin maza. Rana ta biyu bayan azahar, da mutane suka ɗan ja baya saboda zafi, ta aika masa. Ya same ta a shagon ubansa, inda guntayen fata ke zube da wuƙaƙe da ƙwaryar baƙin rini da ya bushe. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya zauna ƙasa, ita tana kan kujerar Idi. Rabonta da ganinsa kusa tun yana shekara biyar, tana goya shi zuwa rijiya. Yanzu furfura ta fara fito masa a gemu.

Shi ya fara magana. Ya gode mata da ta zo. Ya ce ya san Baba yana biyawa wurinta ranar kasuwa, bai taɓa gaya wa kowa ba, ya ji daɗi da zumunci bai yanke duka ba. Sannan ya ɗauki wata basilla yana juya ta.

"Gwaggo, ni ban san muryar Baba ba in yana hira. Ta bayan danga nike jin ta, yana yi da ƙannena. Ban ji haushi ba, al'ada ce. Amma jiya da na ɗaga hannu a bakin kabari na ce, Allah ka gahwarta ma Babana, sai na ji kamar ranar muka hwara magana. Yanzu ba kunya tsakaninmu. Abin da ya rage in yi mashi ke nan, kuma zan yi shi kullum har in bi shi."

Haula ta ji wannan sarai, kalma bayan kalma. Ta ga ƙofa a buɗe, ta san tana iya cewa Allah ya ba ka iko, ta tashi ta koma wurin mata. Idi ba zai dawo ya tambaye ta ba. Amma ta yi alkawari, kuma ita ba ta cikin masu gudu su yi shiru, duk rayuwarta a kan haka ta gina ta.

"Babanka ya bar min saƙo in ba ka."

Ta faɗa. Ba ta yi kwana ba, ba ta ƙara gishiri ba. Lahadin shekara goma sha ɗaya, da littafin, da ranar da ya durƙusa. Ta jira ya tashi, ya ce ƙarya take yi, ya kira ta da sunan da aka daɗe ana kiranta a ƙauyen nan. Da ya yi haka da ta san yadda za ta yi da shi. Muktari bai motsa ba. Ya ajiye basillar a hankali inda ya ɗauke ta.

"Da hankalinshi ya hwaɗa?"

"Da hankalinshi."

"An sa shi cikin ruwan nan naku?"

"A'a. Kullum sai ya ce bayan girbi."

Ya ɗaga kai da sauri, ta ga fuskarsa ta ɗan buɗe. "To ai bai shiga ba ke nan. Saurare ne ya yi, irin na zumunci. Mutum yana iya sauraren abu..."

Nan ma ƙofa ce, ƙarama, kuma da hannunsa ya nuna mata ita. Sai dai Haula ta yi shekara talatin tana ɗora jan alƙalami a kan amsar da ta yi rabin daidai.

"Ba saurare ba ne, Muktari. Bai shiga ruwa ba don tsoro. Amma ya hwaɗa da bakinshi a gabana, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ya ce ka san wanda ka binne."

Daga ƙofar gida ana jin wasu sababbin baƙi suna sallama.

"Ni na riƙe kanshi," in ji shi. "Na laƙƙana mashi kalmar shahada sau uku. Idonshi biyu, yana kallona, karo na hwarko da ya kalle ni haka. Bai amsa ba. Na ce zahin ciwo ne." Ya shafa gemunsa. "Da ƙarya kika yi, Gwaggo, da na gode maki."

"Saƙo ne na isar."

"Kin isar. Kin san a wurinmu ba a roƙa ma wanda ya mutu a wajen addini gahwara? Ko uba ne. Ni ke koya ma yara haka, da bakin nan nawa."

Ta sani. A gidan nan aka haife ta, yaya za a yi ba ta sani ba. Ta ce masa kada ya damu, Idi yana wuri mai kyau, wanda ya bi ba ya yar da nasa ko matsorata ne, littafin da uban ke so cike yake da irinsu. Ta ji muryarta ta koma ta aji, ta kasa tsayar da ita.

"Wannan naku ne," in ji shi, ba da faɗa ba. "Ni mi zan yi da shi?"

Ya miƙe ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya ce Inna Ramla ba za ta ji wannan ba, ƙannensa ma ba za su ji ba, su ci gaba da roƙonsu tunda ba su sani ba. Ya fita wurin baƙin, ta ji ana ce masa Malam ya haƙuri, yana amsawa yadda ake amsawa.

Washegari da safe aka yi sadakar uku. An soya masa ta sadaka, an daka gumba, maza sun cika ƙofar gida har gindin itacen bedi. Mata suna ciki, Haula kusa da Ramla, inda danga ta ɗan buɗe ana hango tabarmin. Da aka gama karatu liman ya juya ya ce ɗan mamaci malami ne, shi ya fi cancanta ya rufe da addu'a. Muktari ya taɓa maƙogwaronsa ya ce muryarsa ta dishe, liman ya taimaka. Liman ya ja addu'a mai tsawo, ya kira sunan Idi, ya roƙa masa gafara da sanyin kabari. Hannuwa duk suka tashi, na Muktari ma suka tashi, don idon gari yana kansa. Ana ta amin, leɓensa bai motsa ba. Da aka shafa, shi ya saukar da hannunsa kan gwiwa.

"Dubi yaron nan," in ji Ramla a hankali. "Baƙin ciki ya hana shi ko shahwawa."

Haula ta kau da ido daga dangar. Daɗin nan da ta daɗe tana jira ta neme shi a ranta ta rasa, ba abin da ta samu sai nauyi da haushin Idi, da haushin kanta wanda ya fi shi.

Da hantsi ta yi sallama. Ramla ta ƙulle mata gumba a leda, ta ce lalle ta dawo arba'in, gida gidanta ne. Muktari da kansa ya ɗauki jakarta ya raka ta bakin hanya inda masu babur ke tsayawa. Suka wuce rijiya. Da mai babur ya ɗaure jakar ya tayar da inji, sai Muktari ya matso kusa, ya rage murya.

"Gwaggo, in tambaye ki. Ku a wurinku, kuna yi ma matattu addu'a?"

Ta ga abin da yake nema, ta so ƙwarai ta ba shi. Amma ta riga ta faɗa masa gaskiya mai tsada jiya, ba ta ga yadda za ta fara ƙarya yau ba.

"A ikilisiyarmu ba mu yi. Muna cewa wanda ya tahi ya riga ya isa."

Ya gyaɗa kai sau biyu.

"To duk masu yi mashi, wani mutum daban suke yi mawa. Mu biyu da muka san shi, ba mai yi."

Ya ce ta sauka lafiya, ya ja wa mai babur kunne ya bi da ita a hankali wajen yashi. Sannan ya juya ya nufi ƙofar gida, inda wasu mutanen Kalfu suka iso gaisuwa suna tsaye suna jiransa.